Kebur a Motar Baba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kakanmu daga Kano ya gangaro Lafia yana fataucin gishirin Keana, ya zo da jakunansa da al'adun garinsu. Jakunan sun daɗe da mutuwa, al'adun kuwa suka samu wurin zama, musamman kunyar ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Idan ta kama dole ya yi zancena, sai ya ce "mutumin nan" ko "na gidan Baffa," domin tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga wansa mai sayar da yadi a kasuwa, a hannunsa na tashi. In na je gidanmu na unguwar Akurba gaisuwa, na durƙusa a bakin zaure, Baba zai amsa yana kallon wani wuri daban, ya tambayi mutanen gida, shi ke nan hira ta ƙare. Inna ma haka take, ko ta fi shi. Maƙwabtanmu Gwandara da Alago dariya suke mana. Wata tsohuwa a layin takan ce, "Ku dai Hausawa da abin mamaki. Mutum ya haifi yaro, kuma ya dinga gudunsa kamar surukinsa."

Ni ban ga abin dariya a ciki ba, ban kuma ga abin kuka ba, sai da maganar mota ta taso.

Baba direba ne tun yana saurayi. Ni ma direba na zama, amma ba a hannunsa ba. Baffa ne ya kai ni wurin wani mai tasi, na koya, na riƙa jigila tsakanin Lafia da Makurɗi. Direban kwalta ke nan, wanda in ya hango taɓo sai ya kauce masa. Duk waɗanda aka haifa a bayana mata ne, don haka kowa ya san inda sitiyarin Baba zai faɗa wata rana, ba a dai furtawa.

Motar tasa a-kori-kura ce babba, mai tsayin ƙafa, ya saye ta a gwanjo lokacin da wani kamfanin Turawa masu haƙa rijiyoyin burtsatse ya naɗe kayansa. Ba kyau gare ta ba, ga shan mai kamar ba gobe. Amma tana da abin da sauran motocin tasha ba su da shi, wato giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari. Mota irin tawa tayoyin baya ne ke turawa, na gaba nuna hanya kawai suke yi. Ta Baba kuwa in aka saka mata ogzilari, duk huɗun ne ke ja. Da wannan yake shiga ƙauyukan bayan Arikya da na wajen Keana a tsakiyar damina, lokacin da sabuwar doya ta fito, hanya kuma ta zama kunu. Ba wanda ke kuskuren bin sa. Manoma kan tara doyarsu su jira shi, shi kuma ya fito da ita bakin kwalta ko kasuwa. Abin da gidanmu na Akurba ke ci daga shekara zuwa shekara, a waɗannan watannin ake samo shi.

Sai dai wanda ya ƙera motar bai san Lafia ba. Sandar ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, wato aksul, gida biyu ce. Akwai wani zobe mai haƙora da ke zamewa ya haɗe su, akwai kuma ƙarfe mai baki biyu da ke tura zoben, makanikai na ce masa fok. Abin da ke motsa fok ɗin wani ɗan gwangwani ne da ke aiki da zuƙar iskar inji, ta wasu siraran tiyo na roba. Nufin Bature shi ne direba ya saka giya kawai, mota ta ƙarasa sauran da kanta. To, a wurinmu zafi ya busar da robar, ɓera ya ci rabonsa, laka ta toshe abin da ya rage. Baba ya yi ta faci da robar ƙarin ruwa ta asibiti, har ranar da gwangwanin kansa ya yage daga ciki. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, kayan gyara sun yi ɓatan dabo. An nema a Jos, an aika Onitsha, wasu ma ba su taɓa ganin irinsa ba.

A daidai wannan lokacin idon Baba ya fara tafiya. Ya ɓoye iya ɓoyewa. Inna ce ta lura yana miƙa hannu ga buta yana kamo iska. Da aka matsa masa ya je asibiti, suka ce ciwon ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya saura ma a hanya yake. Da rana tsaka yana gani, amma gaba kawai, kamar mai leƙe ta kafar zana. Ni duk wannan a bakin Baffa na ji shi.

Da rani ya tsaya, Baba ya kai motar garejin wani amininsa, bakanike, mutumin Eggon, wanda suka san juna tun kafin a haife ni. Garejin a ƙarƙashin wasu mangwarori yake bayan tasha, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Shawarar da suka yanke ita ce su cire gwangwanin gaba ɗaya, su ɗaura wa fok ɗin kebur, su shigo da shi har gefen kujerar direba, mutum ya riƙa haɗa tayoyin gaba da hannunsa. Da yamma Baffa ya kira ni shagonsa, ya ce, "Babanka ya ce ka miƙa wa mai tasi makullinsa, ka riƙa zuwa gareji."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ba don motar ba, don na san wahala ce zan gada. Murnata ita ce a ganina yanzu dole ya yi magana da ni. Ba a miƙa wa mutum mota irin wannan da hannunka mai sanda. Ina da mata a lokacin har da ɗiya, amma na kwana ina shirya tambayoyin da zan yi masa.

Aikin ya ci makonni. Suka yanko faifan ƙarfe suka rufe ramin da gwangwani ya bari, suka huda shi, suka zura kebur ɗin hambirki na wata tsohuwar gingimari. Suka huda ƙasan motar kusa da giya. Mariƙin kuwa guntun sifana ne da ya karye, mai walda ya liƙa shi a gicciye, aka yi masa ɗan tsagi yadda in ka ja ka murɗa zai kulle. Kebur na farko ya bi kusa da salansa, zafi ya narkar da rigarsa. Na biyu ya yi tsawo, ka ja har ƙirji bai taɓa fok ba. Na uku ne ya zauna. Baba ne ke kwanciya a ƙarƙashin motar, domin a wurin yatsu sun fi ido amfani, kuma yatsunsa lafiyarsu ƙalau. Ni ina tsaye da kayan aiki, ƙafata kusa da kansa, sai in ji ya ce wa bakanike, "Ce wa mutumin nan ya miƙo filaya."

Bakaniken mutum ne mai barkwanci, Hausarsa irin ta tasha. Wata rana ya gaji, ya ce, "Haba Oga, ga shi a kanka yana ji. Ni na zama talho ne? Kai da yaronka, wannan wane irin wahala?"

Baba ya yi kamar da motar ake. Ni na sunkuyar da kai ina murmushin dole, raina kuwa a ɓace. Na miƙa wa bakanike filaya, shi ya miƙa wa Baba.

Ranar da aka gama, motar na ɗage a kan kututture, tayoyin gaba a sama, inji a kashe. Baba ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce wa amininsa, "Ka nuna masa." Ya ɗauki butarsa ya nufi masallacin tasha, alhali ko kiran salla ba a yi ba. Na bi bayansa da kallo. Wato abin da na kwana ina jira ke nan.

Bakanike ya ce in hau. Ya tsaya a gefen taya, ya ce, "Sa ogzilari. Yauwa. Yanzu ja wannan. Murɗa shi dama." Ya ɗan juya tayar da ƙafarsa, na ji ƙwas a ƙasa. "Ya shiga ke nan. In ka fito kwalta ka sake shi, kar ka manta, motan nan ba ya son kwalta da ƙafa huɗu."

Na ja, na saki, na sake ja. Da yatsa biyu ma yana shiga, kamar sakatar ƙofa. Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, no wahala. Ni ƙarfe na sani, ni ba direba ba. Maganan hanya, babanka yana nan."

Babana yana nan, gaskiya ne. Yana nan kamar yadda ya saba kasancewa.

Da ruwa ya sauka Baba ya ci gaba da tuƙi, don bai yarda idonsa ya kai inda ya kai ba. Ni aka ce in riƙa bin sa in san hanya. Amma ɗan fari ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da ubansa a gaban mota. Gaba na mai kaya ne, ni kuwa a baya, kan buhuna ko kan doya. Gilashin bayan kan motar tun zamanin kamfani ya fashe, an toshe wurin da falanki, saboda haka ko inuwar hannunsa ba na gani. Abin da nake ji kawai shi ne, in mun doshi wuri mai taɓo, tun daga nesa motar takan rage gudu, ta yi luƙui, injin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta kutsa ta fita. Na ɗauka laluben hanya yake da ragowar idonsa. Tausayinsa ma nake ji. Na san kowace fadama da kowane rafi a wannan hanya, na san inda ake bin dama da inda ake bin hagu. Abin da hannunsa da ƙafarsa ke yi ne ban sani ba, ban kuma san ban sani ba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Wata Juma'a bayan an sauko na ɗaura niyya, na je Akurba, na gaishe shi, na ƙi tashi. Ya ji ban tafi ba. Ya gyara zama, ya laluba rediyonsa ya kunna, ya kashe. Na buɗe baki na ce, "Baba, game da kebur ɗin nan..." Ban ƙarasa ba ya miƙe, ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ɗaga murya ya ce, "A ce wa na gidan Baffa ya duba ruwan batir kafin gobe." Ya shige. Na daɗe a durƙushe ni kaɗai a zauren. Haushin da na ji ranar har yau in na tuna sai na ji ɗacinsa. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ai sai ya samu mai tsayawa ya saurare shi.

Na koma ta hannun Baffa. Shi kuwa mutumin yadi ne, bai san bambancin kuloci da birki ba. Na ce ya tambayar mini ko akwai wani abu game da kebur ɗin da ya kamata in sani. Bayan kwana biyu ya kawo amsa: "Ya ce ai an nuna maka. Ya ce ka dai riƙa yin bisimilla, ka bi a hankali."

Ba a daɗe ba, da rana tsaka, Baba ya zo shiga layinmu ya taka turmin maƙwabciya da ke gefen hanya, ya ragargaza shi. Da yaro ne a wurin, da labari ya sha bamban. Ya ajiye motar ya shige gida. Washegari Baffa ya miƙo mini makulli a ɗaure da guntun tsumma. Sabuwar doya ta fito, manoma na jira.

Tafiyata ta farko ni kaɗai, wani ƙauye ne a bayan Arikya. Da safe na shiga, hanya ta ɗan sha iska, mota babu kaya, na wuce fadamar da ke gaban ƙauyen ban taɓa kebur ba. Har na fara jin kaina. Muna cikin lodi hadari ya haɗo, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗauke. Muka ƙarasa lodi, masu doya suka ɗare sama, wani dattijo a cikinsu ya zauna kusa da ni a gaba. Da muka iso fadamar, ruwa ya kwanta a kanta, ja wur. Na yi bisimilla kamar yadda aka aiko mini, na bi gefen da Baba ke bi. A tunanina abin taimako sai an buƙace shi ake kiransa, haka kuma kowane direban kwalta zai ce maka.

A tsakiya bayan motar ya zauna. Tayoyin baya suka shiga juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka. Na ce to, lokaci ya yi. Na saka ogzilari, na danne totur don kada injin ya mutu a cikin ruwa, na kama guntun sifanan nan na ja. Ya ƙi. Abin da yatsa biyu ke ja a gareji ya cije, ga wata ƙara daga ƙasa kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. Na zaci laka ce ta riƙe shi. Dattijon ya ce, "Direba, babanka ba ya yin wannan ƙara fa." Na ji shi, amma motar na ƙara nutsewa, ruwa ya kusa kai ƙofa. Na saki sitiyari, na sa hannu biyu, na ja da iya ƙarfina. Wani abu ya ce ɓas a ƙarƙashin ƙafafuna. Mariƙin ya taho hannuna sakwa-sakwa, ƙarar ta ɗauke, tayoyin gaba kuwa ko motsi.

Na kashe injin na zauna. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na fi jin daɗi. Manoman suka sauka cikin ruwa, suka kira matansu da 'ya'yansu, aka riƙa kwashe doya a ka ana mayarwa tudu. Sabuwar doya fatarta ba ta da ƙwari, ko'ina ta bugu sai ta fara ruɓa, kuma ina kallo tana buguwa. Motar ta kwana a fadama har sai da aka samo tarakta ta jawo ta. Da igiya muka shigo Lafia, ta gaban tasha, kowa na gani.

Bakanike ya buɗe aksul ya zuba abin da ke ciki a faranti. Fok ya rabu biyu. Haƙoran zoben sun aske tas, bakin sandar ma ya cinye. Ya daɗe yana juya gutsattsarin da yatsa, ya ce, "Wannan ba kebur ya yi ba. Kebur yana nan lafiya." Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban iya faɗa ba, don ban san me zan ce na yi ba daidai ba. Na ja, na murɗa, kamar yadda aka nuna mini.

Daga nan muka shiga neman magani. Mai walda ya liƙa fok ɗin, ya ɓalle tun a hannu. Muka kai wa masu zubin tukwane, suka yi masa gida a yashi, suka zuba mana sabo da narkakkun gwangwanaye, ya fito fes yana ƙyalli, ya karye a gwajin farko. Wani mai injin fiƙe ƙarfe a Jos ya ce zai iya yanka haƙora, amma ba shi da ƙarfen da zai jure, wanda yake da shi kwana kaɗan zai yi. Wani mai zuwa Legas ya karɓi guntun zoben don ya gwada a can, yau ne gobe ne, har muka daina tambaya. Damina ta wuce muna wannan. Ta gaba kuma wani mai tarakta ya ɗaura mata tirela ya kama hanyar Baba, manoma suka koma gare shi, ba kuwa wanda zai ga laifinsu.

Da tayoyin baya kaɗai motar na tafiya, amma a kwalta ba ta da wani amfani. Ƙananan a-kori-kura na ɗaukar kaya iri ɗaya da rabin man da take sha. Na gwada dakon gawayi, na gwada na yashi, kullum mai ke cinye wahalar. Tasin da na bari an ba wani. Na koma zaman benci a tasha, ina jiran direban da zai yi rashin lafiya in karɓa masa na yini. A Akurba aka fara auna tuwo. Inna, da girmanta, ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta. Na daina bi ta layin da safe don kada in gan ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun Baba. Bai aiko da faɗa ba, bai aiko da tambaya ba. In na je gaisuwa yana amsawa kamar kullum, ya tambayi mutanen gida. Idon ya ƙarasa rufewa a wannan tsakanin, yanzu ko ya so ya kalle ni babu hali. Na rasa wanda zan kama da laifi. Bakanike ya nuna abin da ya sani. Baffa ya kai saƙo ya kawo saƙo. Baba ya yi abin da ubansa ya yi masa, kuma duk garin za a ce mutumin kirki ne mai kunya. Kowa ya yi daidai, gida kuma ya durƙushe. Na yi fushi da kakan da ban taɓa gani ba, na yi fushi da Kano da ban taɓa zuwa ba, fushin bai sayo ko mudun masara ba.

Motar ta ƙare a ƙofar gidan Akurba, a kan duwatsu, don an sayar da tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kaji suka samu wurin ƙwai. Daga ƙarshe Baffa ya daidaita da masu yanka tsofaffin motoci, suka ce za su zo bayan la'asar. Ni aka ce in tsaya in miƙa musu.

Na zo da wuri. Ina tsaye a waje na ji Baba daga zaure yana cewa a kai shi wurin motar. 'Yan matan duk ba sa nan. Inna ta leƙo, ta gan ni, ta ce da bango, "Ai sai a kai shi." Na shiga na kama bakin sandarsa, ya riƙe ɗaya bakin, muka fito. Ya san ni ne. Ya shafa ƙofar, ya buɗe, ya hau da kansa ya zauna a kujerar direba. Hannunsa ya sauka kan guntun sifanan ba tare da lalube ba. Ni na tsaya a ƙasa ina jiran ya gama ban kwana.

Ya ce, "Zagayo ka shigo."

Na waiga ko akwai wani a bayana. Babu kowa. Na zagaya na shiga, na takure a jikin ƙofa.

Ya ce, "Ranar nan, a ina ka ja?"

Na ce, "A tsakiyar fadama, Baba. Bayan ta kafe."

"Ƙafarka fa?"

"Tana kan totur."

Ya shafa guntun sifanan. Sannan ya ce, "Ba a ja a ciki. Tun kafin a shiga ake ja, tana gangarawa a hankali, ƙafa a ɗage. In baya na juyawa gaba na tsaye, haƙoran ba za su haɗu ba, sai dai su ci juna."

Maganar ke nan gaba ɗayanta. Ba ta kai tsawon gaisuwar da muke yi a zaure ba. Na ce, "Ba wanda ya faɗa mini."

Ya ce, "Na ɗauka bakanike ya faɗa maka."

"Shi kuma ya ce maganar hanya taka ce."

Baba ya gyaɗa kai. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Sai ya gyara zama, ya ɗora hannu ɗaya a sitiyari, ya ce in matso in ga. Ya fara daga farko. Yadda ake hango taɓo a rage gudu tun daga nesa. Yadda ake ɗage ƙafa a bar ta ta gangara da nauyinta. Yadda ake ja a hankali, in ya cije kada a yi masa dole, a ɗan karkaɗa sitiyari a bar taya ta ƙara juyawa, zai faɗa da kansa. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan mariƙin, ya ɗora nasa a sama, muka ja kebur ɗin da babu komai a ƙarshensa. Ya ce in an riga an kafe kuma, a kashe wuta tukuna, a sa mutane su jijjiga ta. Ya faɗi abin da ake yi in za a haura rafi mai yashi, da abin da ake yi in kaya sun yi nauyi a baya. Muryarsa ta saki, yana yi yana ƙarawa, kamar gobe da asuba za mu ɗauko doya. Malami ne na gaske, ashe. Ni dai ina cewa, "To, Baba. To, Baba," hawaye na zuba, na gode Allah da ba ya gani.

Yana cikin bayanin yadda ake sakin kebur in an hau kwalta, masu sayen suka iso da amalanke da tukunyar gas. Babbansu ya yi sallama, ya ce mu taimaka mu sauko, suna so su gama kafin magariba.